Fito Uku A Wayar Ɗalha

Akwai wani tela a garin Gwandu mai suna Lukuman. Mutum ne mai hannu, in ya ɗinka maka riga ba ka mayar da ita gyara. Shagonsa yana kan hanyar kasuwa, bango ɗaya ya raba shi da shagon Ɗalha, mai gyaran injin ban ruwa.

Shekara tara suka yi suna maƙwabtaka. Lukuman ya girmi Ɗalha da fiye da shekara goma, don haka Ɗalha ba ya kiran sunansa kai tsaye, sai dai ya ce Malam. A benci ɗaya suke cin abincin rana. In ɗaya zai fita, ɗayan ne ke sa masa ido a shago.

Halinsu dai ba ɗaya ba ne. Ɗalha ba mai yawan magana ba ne, kuma tun rasuwar matarsa ya ƙara yin shiru. Lukuman kuwa mai son hira ne, yana da wani abu da yake taƙama da shi: wai shi kallo ɗaya yake yi wa mutum ya san abin da ke cikinsa. Sau biyu ko uku hasashensa ya taɓa faɗawa daidai, tun daga nan bai ƙara yarda zai iya kuskure ba.

A farkon wani rani, lokacin da manoman albasa da shinkafa ke ta kawo injuna gyara, wayar Ɗalha ta fara wani sabon abu.

Fito take yi. Fito uku a jere, mai kaifi, irin wanda makiyayi ke yi in yana kiran ɗan'uwansa daga nesa. Duk ƙarar injin da ake gwadawa, sai ka ji ya ratsa har cikin shagon Lukuman.

Abin da ya ɗaure wa Lukuman kai ba fiton ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Wayar tana iya wuni tana ƙararta ta kullum, Ɗalha ko kallonta ba ya yi. Amma da zarar ta yi fiton nan, sai ya ajiye sifana, ya goge hannu a tsumma, ya duba. Wani lokaci ya zagaya bayan shago ya yi ta kiraye-kiraye ƙasa-ƙasa. Wani lokaci ya hau mashin ya fita, ya bar mai inji a tsaye, ba ya dawowa sai yamma.

Ran nan suna cin shinkafa da wake a benci, Lukuman ya kasa haƙuri.

"Wai Ɗalha, wanga fito da wayarka ke yi, na mi ne?"

Ɗalha ya yi murmushi. Ya ce ai shi guruf-guruf ɗin da yake ciki a WhatsApp sun fi ashirin, ga na dangi, ga na manoma, ga na masu gyara. Saƙo ya fi ɗari biyu a wuni, duk da ƙara iri ɗaya suke shigowa, har ya gaji ya daina dubawa. Sai ya gano ashe ana iya ware wa kowane mutum ko kowane guruf nasa sautin. Ka buɗe hirar, ka taɓa sunan da ke sama, ka shiga wurin sanarwa, ka zaɓi wanda kake so. Ya ce sautukan da suka zo da wayar duk sanyi gare su, ba a jin su in inji yana aiki, shi ya sa ya yi fito da bakinsa, ya naɗa, ya sa.

Lukuman ya ce to ya ji, amma su wane ne aka ware wa fiton?

"Wasu mutanena ne, Malam. Ba wani abu ba ne."

Daga nan ya ɗauko zancen tsadar man fetur.

Lukuman bai daddara ba. Ya ce shi ma yana son ya koya, Ɗalha ya nuna masa a wayarsa yadda ya yi. Nufinsa ya leƙa ya ga sunan. Sai Ɗalha ya miƙo hannu ya karɓi ta Lukuman ɗin, ya buɗe hirarsa da matarsa Hajjo, ya sa mata ƙarar ƙararrawa, ya mayar masa. Tasa kuwa tana aljihu, bai fito da ita ba.

Wannan ya tsaya wa Lukuman a rai. Mutumin da ba ya ɓoye masa komai, yau waya yake ɓoyewa.

Daga ranar ya sa ido. Ya mayar da keken ɗinkinsa kusa da ƙofa yadda zai riƙa ganin titi.

Ya lura Ɗalha ba kullum yake fita shi kaɗai ba. Yau ya goya wani malamin firamare, jibi wani mahauci, wani makon kuma wani mai sayar da taya. Mutanen da ba sana'arsu ɗaya ba, ba unguwarsu ɗaya ba. In sun dawo da yamma sai ka gan su a gajiye, Ɗalha ya tsaya wajen mai shayi ya saya musu madara da burodi, kowa ya kama gabansa ba hira.

Lukuman ya tare mahaucin ya tambaye shi ina suka je ranar Talata. Ya ce Kalgo, gaisuwa. Ya tambayi malamin makarantar, mai suna Muzzammil, shi kuma ya ce duba mara lafiya. Dukansu ba wanda ya kalle shi ido cikin ido.

A daidai wannan lokaci aka kore shanu a wata ruga can bayan Dodoru. Bayan kwana goma aka tare wani ɗan kasuwar albasa a hanya, yana dawowa daga sayar da kaya. Gari ya ɗauki zance. Kowace majalisa ka zauna magana ɗaya ce: ɓarayin ba su san gari ba, dole akwai infoma a cikinmu, mai ba su labarin wanda ke da abu da lokacin da zai fita.

Lukuman ya zauna ya yi lissafi. Jajibirin korar shanun, wayar ta yi fito. Ranar da aka tare ɗan kasuwar ma ta yi fito da hantsi. Sauran ranakun da ta yi fito ba abin da ya faru, waɗanda suka fi goma, bai sa su a lissafi ba.

Wata rana Ɗalha ya tafi alwalar azahar ya bar wayar a kan benci. Sai ta yi fiton. Lukuman ya waiwaya hagu da dama, ya sunkuya. Wayar a kulle take, amma saƙon ya fito a fuskarta. Sunan guruf ɗin "Tashi Yanzu". Saƙon kuma gajere ne:

"Kalgo. Biyu ake so. Kada a makara."

Kafin ya ɗago, wani saƙon ya shigo:

"An samu ɗaya daga Dangoma. Saura ɗaya."

Ya koma kan keke ya zauna. Ɗalha ya dawo, ya duba, ko sallar bai jira an yi jam'i ba, ya yi tasa shi kaɗai ya hau mashin.

Da ya koma gida ya kwashe komai ya gaya wa Hajjo. Ita a lokacin tana haɗa kaya, don washegari za ta Kalgo wajen babbar 'yarsu Rahama, wadda ke aure a can, cikinta na uku ya tsufa. Hajjo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ita ba ta ga hujja a nan ba. Ta tuna masa mutumin nan ne ya kwana uku a kansa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta ce ya kira shi gefe, ya gaya masa abin da ya karanta, ya ji daga bakinsa.

Lukuman ya ce ai ya tambaya an ɓoye masa. In ya sake tambaya, ya tona kansa ke nan, kuma irin waɗannan mutane ba su barin wanda ya gane su.

"Malam, ka ji tsoron Allah da bakinka," in ji Hajjo. "Wagga magana in ta fita, ba ta dawowa."

Ya ce mata ita mace ce, ba ta san duniya ba.

A majalisarsu ta bayan magariba, Lukuman bai taɓa furta kalmar infoma a kan Ɗalha ba. Abin da yake cewa shi ne, shi dai bai ce komai ba, amma duk mai kunne ya riƙa sauraron wayar maƙwabcinsa, ya kuma lura da ranakun da take fito. In an matsa masa sai ya girgiza kai ya ce Allah dai ya tsare mu.

Wannan ya isa. Cikin mako biyu manoma suka fara zuwa suna ɗauke injunansu, wasu ma ba a gama gyarawa ba. Mai shayi ya daina yi wa Ɗalha wasa. In ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi sai ya ɗan matsa.

Ɗalha ya ga canji, bai san dalili ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar shagon Lukuman, ya ce wani abu yana faruwa da bai gane ba, ko Malam ya ji wata magana a kansa?

Lukuman bai ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. Ya ce bai ji komai ba, kasuwa ce kawai, kowa kuka yake yi.

Zance ya kai kunnen Mamman, shugaban 'yan sintirin unguwar. Ya zo da kansa shagon Lukuman kamar mai kawo ɗinki. A nan Lukuman ya buɗe baki gaba ɗaya: fiton, fitar gaggawa, samarin da ake ɗauka, saƙon "biyu ake so", da ranakun da ya lissafa.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe tara na safe suka zo su huɗu. Ɗalha yana tsugune a kan wani inji. Suka karɓe wayar, Mamman ya kashe ta nan take don kada ya ba mutanensa alama. Suka ɗaure masa hannu da igiya, suka tafi da shi ɗakinsu na sintiri da ke kusa da gidan mai unguwa. Aka ce Lukuman ya biyo a matsayin shaida. Tasa wayar tana wajen mai caji tun asuba, bai ko tuna da ita ba.

Kafin rabin awa ƙofar ɗakin ta cika da mutane. Wasu suna leƙe ta taga, wasu suna cewa a fito musu da shi.

Da Ɗalha ya ga wanda ke zaune a kujerar shaida, ya daɗe yana kallonsa.

Mamman ya tambaye shi mene ne "Tashi Yanzu". Ɗalha ya ce guruf ne na masu ba da jini kyauta. Wata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Kalgo, mai suna Rumaisa, ta buɗe shi. In an kawo mai haihuwa ko wanda ya yi hatsari, ana neman jini ba a samu a dangi ba, sai ta rubuta a ciki. Shi ne ke riƙe da sunayen masu bayarwa na ɓangaren Gwandu, ya san irin jinin kowa, sai ya ɗauki wanda ya dace ya kai shi. "Biyu ake so" leda biyu ake nufi.

Maimakon abin ya lafa, sai ya ƙara tashi. Kalmar jini kawai na waje suka ji. Nan da nan ta zagaye taron: ashe har jinin mutane yake sayarwa. Wani matashi cikin 'yan sintirin ya kai masa mari, leɓensa ya fashe. Sai da Mamman ya daka tsawa ya kore shi waje.

Aka ce ya faɗi sunayen waɗanda yake ɗauka. Ya ce ba zai faɗa a gaban wannan taro ba, amana ce, da yawansu ko iyalinsu ba su sani ba. Ya roƙi abu ɗaya: a kunna wayar, a karanta duk abin da ke ciki, a kira Rumaisa a tambaye ta.

Mamman ya ɗauki wayar yana juya ta a hannu. Da alama ya fara tunanin kunnawa. Lukuman ne ya yi magana.

"Shugaba, kada ka kunna. Ba ka san abin da sunka shirya ba. Tana kunnuwa za su san inda take. A bari mai unguwa shi zo, a buɗe gabansa."

Mamman ya ajiye ta. Mai unguwa kuwa ya tafi jana'iza wani ƙauye tun da sassafe.

Haka aka zauna. Ƙarfe goma ta wuce, sha ɗaya, sha biyu. Ɗalha yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Sau biyu yana sake roƙo a kunna wayar, ya ce ko ba don shi ba, wataƙila wani yana can yana jira. Ba wanda ya kula shi.

Sai bayan azahar mai unguwa ya dawo. Dattijo ne mai natsuwa. Ya saurari Mamman, ya saurari Lukuman, ya saurari Ɗalha. Ya tambaya ko an duba wayar, aka ce a'a. Ya ce to awa biyar ana tsare da mutum a kan waya, ba a buɗe wayar ba? Ya sa aka kwance igiyar, aka miƙa wa Ɗalha ya kunna a gaban kowa.

Tana gama kunnuwa ta fara fito. Uku, uku, uku, ba tsayawa, wani yana hawa kan wani. Wasu na waje har da ja da baya.

Mai unguwa ya ce Mamman ya karanta da ƙarfi, daga na farko.

Na farko ya shigo ƙarfe goma saura. "Kalgo. Mai haihuwa. Biyu ake so. Irin naka ne, Malam Ɗalha."

Na biyu: "An gwada mijin da uwar, bai yi ba. Irin wanda ake wahalar samu ne. Kai da Malam Muzzammil kawai nake da su."

Na uku: "Wayarka ba ta shiga. Lambar Malam Muzzammil tana wajenka. Don Allah duk wanda ke Gwandu ya neme shi."

Mamman ya ci gaba da karantawa, muryarsa tana raguwa. Saƙo goma sha ɗaya ne. A na ƙarshe ya tsaya, ya ɗago ya kalli Lukuman, sannan ya karanta:

"Ba mu saba faɗin suna ba, amma dole ce. Rahama Lukuman ce, 'yar garinku. Uwarta ta ce mahaifinta maƙwabcinka ne a shago, shi ma ba ya ɗauka. Aiki za a yi mata, ba a iya shiga sai da jini a hannu."

Lukuman ya miƙe tsaye, ya sake zama. Rahama 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa saboda kunya. Ga shi an faɗe shi a gaban taron da shi ya tara.

Ɗalha bai tsaya kallon kowa ba. Ya riga ya kira Rumaisa, yana ce mata ga shi nan tafe. Ya kira Muzzammil ya ce ya fito bakin makaranta. Sannan ya juya ga mai unguwa ya ce mashin ba zai ɗauke su su uku har da Malam Lukuman da sauri ba, ko za a taimaka da mota.

Mai unguwa ya ba da tasa, Mamman ya tuƙa. Muzzammil ya zauna gaba, Lukuman da Ɗalha a baya. Tafiyar fiye da awa ɗaya, ba wanda ya yi magana sai Ɗalha da ke amsa kiran Rumaisa yana gaya mata inda suka kai. Duk lokacin da ya ɗaga wayar, Lukuman yana ganin shatin igiya a wuyan hannunsa.

Sun isa ana kiran la'asar. Rumaisa tana tsaye a ƙofa. Ta ga leɓen Ɗalha a kumbure, ta tambayi abin da ya same shi, ya ce ba komai, su shiga. Da ta ji tun safe bai ci abinci ba, ta sa aka kawo masa shayi da burodi, ya shanye a tsaye. Lukuman ya ce shi ma a ɗebi nasa, ai 'yarsa ce. Aka gwada, bai yi ba.

Aka ɗebi na Ɗalha, aka ɗebi na Muzzammil, aka shiga da Rahama.

Hajjo tana zaune a baranda a kan tabarma, idonta ya yi ja. Ta ce wa Lukuman ta kira shi ya fi sau ashirin, ina ya shiga? Mamman ne ya ja ta gefe ya gaya mata. Ba ta yi wa Lukuman faɗa ba, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai gyara mayafinta, ta juya masa baya, ta ci gaba da jan carbi.

Rahama ta rayu. Jaririn, namiji, ya zo ba rai.

Mijinta Haruna da 'yan'uwansa suka shirya shi. Lukuman ne ya ɗauke shi a hannu zuwa makabarta, an naɗe shi a farin ƙyalle, ba nauyi ko kaɗan.

Da suka dawo ya sami Rumaisa a bakin ɗakin jinya. Ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, da jinin ya zo da safe, da yaron ya rayu?

"Baba, rai na Allah ne, ba mai iya ce maka e ko a'a. Ni abin da na sani, tun ƙarfe goma muke jira."

Ɗalha yana kwance a kan wani benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, hannunsa da audugar da aka manna masa. Lukuman ya je ya durƙusa a gabansa, dattijo da furfurarsa. Ya ce shi ne ya fara zancen, shi ya kai wa Mamman, shi ya hana a kunna wayar. Ya ce ba shi da bakin neman gafara, amma yana nema.

Ɗalha ya tashi zaune, ya kama shi ya ɗaga, ya ce bai dace Malam ya durƙusa masa ba.

A nan ya ba shi labarin da bai taɓa bayarwa ba. Shekara shida da suka wuce, matarsa Kubura ta rasu wajen haihuwa. Kowa ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne jini aka nema aka rasa. Mutum ya fi ashirin a harabar asibitin, wasu nasu bai dace ba, wasu kuma da suka ji zancen allura sai suka sulale. Tun ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah. Ya ɓoye ne saboda ya san garinsu: in aka ji yana ɗaukar mutane ana ɗibar jininsu, gobe za a ce sayarwa yake yi, iyaye su hana 'ya'yansu. Fiton kuma ya sa shi ne bayan wata rana da saƙo ya nutse cikin sauran saƙonni, bai gani ba sai da yamma.

"Na yafe maka, Malam. Ni ma da nawa laifin, da na gaya maka tun farko. Amma ba igiyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Ranar da na zo ƙofar shagonka na tambaye ka ko ka ji wata magana, ka ce ba ka ji ba. Ita ce."

Washegari Juma'a, bayan sallar magariba a masallacin unguwa, Lukuman ya miƙe ya faɗi komai da bakinsa. Ya bi majalisu ɗaya bayan ɗaya, ya je wajen mai shayi, ya je har gonakin manoman da suka ɗauke injunansu. Wasu sun dawo da aiki. Wasu sun ce Allah ya kyauta, ba su dawo ba. Mahaucin nan kuwa, da mahaifiyarsa ta ji abin da yake zuwa yi a Kalgo, ta rantse ba zai ƙara ba, haka guruf ɗin ya rasa shi. Wasu samari biyar kuma suka je aka gwada jininsu suka shiga.

Bayan an cire albasa, Ɗalha ya kwashe kayan aikinsa ya koma Kalgo. Ya ce can ya fi kusa da fadama, ya fi kusa da asibitin. Sun yi sallama lafiya, har yau suna gaisawa. Shagon dai yana nan a rufe.

Wata takwas bayan haka, wani baƙo daga wani ƙauye mai nisa ya kawo wa Lukuman ɗinki. Yana jira ana auna shi, sai ya nuna rufaffen shagon da baki, ya ce ashe nan ne wajen infoman nan da aka kama da jarkar jini a bayan mashin?

Lukuman ya ajiye tef ɗin awo. Ya jawo masa kujera, ya ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba.

Mutumin ya saurara yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce to, shi dai ba haka ya ji ba. Kuma wanda ya gaya masa mutum ne mai gaskiya, ya ce daga bakin maƙwabcin mutumin maganar ta fito, wanda suka shekara tara tare.

"Ni ne maƙwabcin," in ji Lukuman. "Kuma ƙarya ce na yi."

Baƙon ya tambayi ranar da zai dawo karɓar kayansa, ya yi sallama ya fita. Lukuman ya bi shi da kallo har ya sha kwana, bai san wanne daga cikin labaran biyu mutumin zai kai ƙauyensu ba.

Darasi: Abin da ka hango a wayar ɗan'uwanka, ko ka jiyo daga bayan bango, guntu ne, ba shi ne dukan labarin ba. In zuciyarka ta yi zargi, je ka same shi kai kaɗai ka tambaye shi gaskiya da gaskiya kafin ka kai zancen majalisa. Zato ba hujja ba ne, kuma maganar da ka saki za ta je inda ƙafarka ba za ta iya bin ta ka gyara ba. Wanda kake ɓata wa suna yau, wataƙila shi ne Allah ya ajiye don ranar da naka zai shiga wani hali. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman a guruf-guruf ɗin da ake yawan yaɗa "an ce", ko Allah zai sa wani ya kama bakinsa kafin ya yi nadama.